Littafin da Na Miƙa da Hannu Biyu

Ni ba mai faɗa ba ce. A layinmu na Hausari har tsiya ake yi min, wai ko akuya ta shigo ta ci min tsaki sai na ba ta haƙuri kafin in kore ta. To yau wata bakwai ke nan da dawowata daga ƙasar Turawa, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar na haɗiyi garwashi. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce abin da ya ƙi fita ta baki a fitar da shi ta alƙalami. Shi ya sa na zauna. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan makarantar ba, don yarinyata tana can har yanzu, kuma na riga na jawo mata abin da ya isa.

Ita ce 'yar farina. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta koma ga Allah, ni ma shekara talatin da ɗaya ban taɓa buɗe baki na furta nata ba. Ko asibiti muka je aka tambaya, sai in dubi ƙanwata ta faɗa. A nan zan riƙa ce mata mai jego, don jegonta ne ya kai ni. A bisa al'ada ma ba ni ya kamata in yi mata wanka ba, aikin kaka ne ko goggo. To kakar ta rasu, goggon ba ta iya hawa ko keke napep, mijin kuma sun hana shi biza, suka ba ni, tsohuwa, wata uku. Haihuwar fari a gida ake yi. Da gida ya gagare ta, sai aka ɗora wa gida jaka aka sa shi a jirgi.

Abin da na fara gani a ƙasar shi ne kare. Ya zo ya shinshina jakata ya zauna, sai aka ja ni gefe. Wani mai safar hannu ya zazzage kayana a kan tebur, har da ɗan kamfai, mutane suna wucewa suna kallo. Ya ɗaga ƙunshin kanwa yana ta magana. Na yi masa alamar damawa, na yi alamar sha, na nuna ciki, na yi alamar rungumar jariri. Ya dube ni kamar mahaukaciya. Kanwar da na zaɓa da hannuna a kasuwar Gamboru, da busasshen ganyen darbejiya, da daddawa, da kilishi, duk a kwandon shara a gaban idona. A cikin abin da suka gani, turaren wuta ne kawai ya tsira. Wata mace a cikinsu ta buɗe kwalba ɗaya, ta shaƙa, ta lumshe ido, ta rufe ta tura min. Allah ya saka mata. Turare sana'ata ce, da shi na ciyar da 'ya'ya biyar bayan rasuwar ubansu.

Na tarar ta haihu kwana huɗu kafin in iso, ita kaɗai, mace aka samu. Ɗaki ne da rabi a hawa na huɗu. Ta taga ana hangen teku. Ni da rabona da babban ruwa tun ina yarinya da aka kai ni Baga bakin tafki, sai na ga wannan ba shi da ɗaya gefen, kuma launinsa kamar tsohuwar darma. Bikin suna ta waya aka yi shi, ragon a Hausari aka yanka, mu nan muka ci shinkafa mu biyu.

Na ce ko a ina ne jego jego ne. Babu itace, babu tukunya, sai butar lantarki. Sai na tafasa ta sau goma sha biyu kafin bokiti biyu su cika, safe da yamma. Maƙwabcinmu na ƙasa ya riƙa dukan silin ɗinsa da sanda, wai ƙarar ruwa ta dame shi. Kunun kanwa babu kanwa, mai jego ta miƙo min wata farar hoda da suke sa wa burodi ta ce 'yan uwan juna ne. Na dama, na ɗanɗana, na ce in 'yan uwa ne to 'yan uba ne. Garwashi ma an hana, sai kasko na lantarki, kusa da taga don kada ƙararrawar hayaƙi ta tara mana jama'a. A haka na riƙa turara ɗakin kullum, don ban yarda jikata ta buɗe hanci da warin ƙasar mutane ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne na fara sanin abin da yarinyar take yi shekara huɗu. Da can in an tambaye ni sai in ce karatun kimiyya, in yi gaba. Ran nan ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, a ciki baƙin gari kamar kwalli. Ta ce ƙarfe iri huɗu ne aka haɗa su suka zama jiki ɗaya, a ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ƙwayar gero a wurinsu dutse ce. Ta ce in aka sa wutar lantarki a ruwa yana rabuwa gida biyu: iskar da muke shaƙa, da wata iska mai kamawa da wuta wadda za a iya adanawa a yi aiki da ita. Amma ruwa yana da taurin kai, yana cin wuta da yawa kafin ya rabu.

"Inna, in wake ya ƙi dahuwa me kike sa masa?"

Na ce kanwa.

"To wannan kanwar ruwa ce. Sai dai ita ba ta narkewa ta ƙare, tana nan tana ta aiki."

Ta ce wahalar ita ce gishiri. Ruwan teku yana cinye irin wannan gari a 'yan kwanaki, waɗanda suke jurewa kuma da ƙarfe mai tsadar da ya fi zinariya ake yin su. Nata da ƙarafa masu araha ne, kuma ya jure. Ta ce garin nan dai in aka shafa shi a wani irin batir na ƙarfen tutiya, batirin yana shaƙar iska kamar mai rai yana ba da wuta, in ya ƙare a sake cika shi. Na ce mu da kogin Ngadda ma sai damina, ina mu ina teku? Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce batir ba ya neman teku, kuma in tuna rijiyoyin gefen tafki masu zartsi. Sai ta tuna min lokacin da aka karya turakun wuta garinmu ya daɗe a duhu, mata suna kwana biyu suna jiran a tada injin burtsatse, allurar ciwon sukarin babanta tana lalacewa a firjin da ya zama akwati. Ta ce tun lokacin abin ya tsaya mata.

Na tambaye ta, to wani ba zai iya kwaɓa nasa ba? Ta ce kowa ya san ƙarafan, amma nawa za a sa na wannan, nawa na wancan, wanne ne zai fara shiga, zafin wuta nawa, minti nawa, nan maganar take. Sau ɗari da wani abu tana gwadawa yana lalacewa. Nan na gane sarai. Kowace mace a garinmu Yerwa ta san kayan haɗi, hawi da gabgab da sandal da farce, amma awo da lokacin sauke tukunya shi ne turare. Ni haɗina ko ƙanwata da muka sha nono ɗaya ban faɗa wa ba.

Haɗin nata yana cikin wani littafi mai koren bango, da rubutun hannunta, kowane shafi da kwanan wata da sa hannu. Ta ce dokar wurin aikinsu ba a fita da shi, amma ta ɗauko don ta riƙa rubuta littafin digirinta a jego. Na ce ba a gabana ba. Karatu a jego yana kashe ido. Na karɓe shi na ɗora a kan kanta, daidai saman inda nake ajiye kasko.

Ranar da jaririya ta yi kwana goma sha tara da haihuwa, wayarta ta yi ƙara tana bayi, na ɗauka. Sai na ji gaisuwar garinmu, "Wushe, Mama, wushe. An zo lafiya?" Wallahi sai da na zauna. Kwana goma sha biyar ban ji Hausa a bakin kowa ba sai nata. Ya ce shi ne Dakta Habu, na gaba da ita a wurin aiki, yana so ya zo barka, wane lokaci take hutawa don kada ya dame ta. Na ce bayan wankan safe in ta sha kunu takan yi barci har azahar. Ni da bakina na faɗa masa.

Da ƙarfe goma sha ɗaya ya zo. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce a Bulumkutu ya tashi, babansa ma'aikacin gwamnati ne, har ya kwatanta min mai ƙosan da ke bakin titinsu, na kuwa san ta. Ya kawo wa jaririya riguna. Na zuba masa tuwo da miyar kuka, kukar da ta tsira don na ɗinke ta cikin matashi, ya cinye ya nemi ƙari, ya ce rabonsa da wannan tun rasuwar mahaifiyarsa. Na yi masa addu'a. Sannan ya rage murya ya ce akwai matsala. Gobe masu bincike za su zo duba littattafai, in aka ga na ƙanwarsa, wato mai jego, ba ya nan za a iya korar ta daga makaranta. Shi yana so ya rufa mata asiri, ya mayar da shi wurinsa kafin kowa ya sani. Na ce bari in tashe ta. Ya ce haba Mama, ana tashin mai jego?

Ana ruwa a waje. Na ciro gyalena na naɗe littafin don kada ya jiƙe, na miƙa masa da hannu biyu. Har godiya na yi masa. Har bakin matakala na raka shi.

Da ta farka na ba ta labari ina murna. Ta dubi kantar, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, irina ce.

"Inna, me kika yi?"

Ta kira shi bai ɗauka ba. Ta rubuta masa, sai la'asar ya amsa da Turanci, ta karanta min: wane littafi?

Da na tsaya a nan da sauƙi. Washegari ta sa riga za ta fita, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce saura kwana ashirin ta yi arba'in, sanyin garin nan in ya shige ta ba mai fitar da shi. Na ce yaron nan ɗan gida ne, ya ci tuwona, wataƙila tsoro yake kada a ga saƙon a wayarsa. Ta ce Inna ba ki san wurin nan ba. Na ce ke kuma ba ki san jego ba. Ta cire rigar. Ta rubuta wa babban malaminsu, amma ba ta iya fitowa fili ta ce littafin a gida yake ba, don laifi ne. Ya amsa da cewa ta huta, ta ji daɗin jaririya, sa yi magana in ta dawo. Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ce tsagar, kuma sau biyu.

A kwana na talatin da uku wata abokiyar aikinta ta aiko mata da hoton takarda. An shigar da neman mallakar haɗin a hukumance, sunaye biyu a kai: babban malamin da Dakta Habu. Ta karanta min sau ɗaya ta ajiye wayar, ta ɗauki jaririya tana ba ta nono, hawaye yana ɗiga a kan yarinyar. Ni na ɗauko mata rigar. Ni na goya jikata. Arba'in ɗin da na tsare ƙofa dominsa, ni na karya shi.

Wurin aikin nasu gilashi ne ko'ina. Ba a bar ni na shiga ciki ba saboda goyo, ta nuna min ta taga. Wani tulun gilashi ne cike da ruwan teku, da wayoyi biyu, da 'yan faranti baƙaƙe guda biyu a ciki, ƙananan kumfa suna ta tashi daga jikinsu ba tsayawa. Ta ce tun tana da ciki wata bakwai ta kunna shi, bai mutu ba. Abin ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. Sai na ga an manna sabuwar takarda mai sunan Habu a jikin tulun, gefen tsohuwar yana leƙowa ta ƙasa.

Babban malamin dattijo ne mai furfura da fara'a. Ya yi wa jikata wasa da yatsa. Ya ce shi ɗalibansa da yawa, tafiye-tafiyensa da yawa, ba zai iya sanin hannun wa ya auna me ba. Dakta Habu ya ce shi ya tsara haɗin, ita aikin hannu kawai ta yi masa, kuma ya kawo takardunsa a buge tsaf. Injinan wurin kowa da kowa ke amfani da su, sun nuna garin yana aiki, ba su nuna wa ya haɗa ba. In tana da hujja ta kawo littafinta. Duk wannan yana murmushi ya faɗa. Na fi jin haushin murmushin nan fiye da karen filin jirgi.

A baranda muka yi kiciɓis da Habu. Na ce wushe. Ya dube ni kamar bango, ya juya ya yi wa na kusa da shi Turanci. Mai jego ta ce cewa ya yi bai taɓa zuwa gidanmu ba, bai san tsohuwar nan ba.

Na ce, "Habu, tuwon fa? Shi ma ba ka san shi ba?"

Kunnensa ya motsa. Ya wuce.

Mai jego ta shigar da ƙara a ofishin da ke duba irin wannan, ta amsa laifinta na fita da littafi. Aka ce sai nan da mako uku. Ni ban iya Turanci ba, ban iya ƙara ba, ban iya zagi ba. Abu ɗaya na iya, zama. A Hausari in mutum ya cuce ka ya ƙi kallon idonka, kakan je ka zauna a zaurensa, ba ka ce komai ba, har unguwa ta fara tambaya. Kullum da safe in na gama mata wanka sai in hau bas mai lamba goma sha huɗu, albarkacin yaƙi da jahilci ina gane lamba, in je in zauna a bencin da ke kallon ƙofar ofishinsa da carbina. Ya fito ya gan ni, ya koma ya gan ni. Ya kira mai gadi. Mai gadin ya zo ya yi ta magana, na nuna masa carbi, na nuna masa benci. Ya sosa ƙeya ya tafi. A rana ta uku ya dawo da shayi a kofin takarda ya ajiye kusa da ni. Shayin ba daɗi, amma na shanye.

A rana ta biyar wata mata baƙa mai tura bokitin goge-goge ta wuce ni, ta tsaya, ta dawo da baya. Ta matso ta shinshina mayafina ba ko sallama. Sai ta ce da Barbarci, wannan turaren Yerwa ne. Muka riƙe hannun juna kamar mun shekara da sani. Sunanta Ya Falmata, 'yar Diffa, shekararta goma sha shida a ƙasar tana sharar ofisoshi. Ta ce mako uku ke nan duk ranar da ta shiga ofishin can sai ta ji ƙamshin gida yana fitowa daga kabad ɗin ƙarfe da ke kulle, har ta fara zaton kewa ce ta taɓa mata kai. Na ba ta labari. Ta ajiye sandar goge-goge ta zauna. Ta ce ita aikin nan shi ne ci da shan 'ya'yanta, kuma mai shara ba ta jin ƙamshi, ba ta gani, haka ake so. Na ce ban roƙe ta komai ba. Ta ce ai shi ne abin haushin, da na roƙa da ta san yadda za ta ƙi.

Ranar zama ba su sami tafinta mai Hausa ba, sai suka yarda Ya Falmata ta yi, tunda ma'aikaciyarsu ce. Mutum uku ne a bayan tebur, mace ce shugabarsu. Habu ya sha kwat. Mai jego tana gefe da jaririya. Na faɗi yadda ya kira, yadda ya zo, abin da ya ci, abin da ya ce. Shugabar ta tambaya littafin wa na ba shi. Na ce na yarinyata. Ta ce suna buƙatar suna, daga bakina, don a rubuta. Na ce ga ta nan zaune. Ta ce ba za su rubuta ga ta nan zaune ba.

Na juya neman ƙanwata, kamar yadda na saba. Babu ƙanwa. Ya Falmata ta sunkuyar da kai, ta san abin da ake nema a wurina, kuma tafinta ba ya amsa wa mai shaida. Sai na ga Habu yana murmushi. Duk ɗakin nan, ban da mu mata uku, shi kaɗai ya san dalilin shiruna. Ya gyara zama ya yi magana a hankali, Ya Falmata ta fassara min: wai su duba, baiwar Allah ko sunan mai littafin ba ta iya faɗa ba, ba ta yi makaranta ba, ba ta bambance littafi da littafi, koya mata aka yi.

Ashe da kunyata ya zo yaƙi. Da ita ya shigo gidana, da ita ya hana ni tashin yarinyar, yanzu da ita zai rufe min baki. Abin da uwata ta ba ni na riƙe shekara talatin da ɗaya, shi ya ɗauka ya mai da makami. Ban taɓa jin irin wannan fushi ba, har yatsun ƙafata sai da suka yi zafi. Amma muryata ba ta tashi ba.

Na ce, "Rukayya. Sunanta Rukayya Garba. Ni na haife ta."

Na ji mai jego ta ja numfashi a bayana, ban juya ba. Na ce a ba ni alƙalami. Ina da shekara arba'in da shida na koyi rubutu, kuma ran da malama ta ce kowa ta rubuta sunan 'ya'yanta, huɗu na rubuta na tsallake na farko. Ranar nan na rubuta shi, a hankali, yadda yake a koren bangon, har da layin da take ja a ƙarƙashi da kwanan watan da ke gefe, don kwana goma sha biyar ina share ƙurar littafin nan ina karanta bangonsa a zuciyata. Na tura musu takardar. Na ce littafin yana cikin kabad ɗin ƙarfe a ofishinsa, naɗe da gyalena ruwan ƙasa mai ɗigon fari, in ba su yarda da ni ba su tambayi hancinsu. Ya Falmata ta fassara musu, sannan ta ci gaba da magana bayan maganata ta ƙare. Daga baya na ji cewa nata ta ƙara, ta ce ita ce mai sharar ofishin, kuma ta ji.

Aka je aka buɗe. Ƙamshin ya riga littafin fitowa, hawi da sandal da farce, awona, ba na kowa ba. Gyalen ba ya nan, ya yar. Littafin yana ƙarƙashin wasu takardu, an yanke ganye tara daga tsakiya da reza, daidai inda haɗin ƙarshe yake. Amma gwaji ɗari da wani abu da suka lalace suna nan da hannunta, kowanne yana nuna hanya zuwa na gaba, kuma shi a takardunsa babu ko ɗaya da ya lalace. Shugabar ta tambaye shi yadda aka yi ya dace tun karon farko. Ya hau gyara kwat ɗinsa yana kallon ƙofa.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi adalci. Bizata ta ƙare kafin su yanke hukunci, na baro jikata tana fara gane fuskata. A Hausari labari ya same ni. Sun kira abin rashin fahimta tsakanin abokan aiki. Habu ya koma wata makaranta a wata ƙasa da takardar yabo, don kada sunan wurinsu ya ɓaci. Babban malamin yana nan da murmushinsa, sunansa bai motsa daga takardar ba. Yarinyata aka ba ta takardar gargaɗi saboda fita da littafi. Ya Falmata aka ɗauke ta daga ofisoshi aka mai da ta wankin bayi na ƙasa, aka ce canjin aiki ne kawai. Na aika mata turare kwalba uku, ban san ko kare ya bari ya isa ba.

An dai cire sunan Habu daga takardar mallakar an sa nata, digirinta kuma zai fita. Mata suna shigowa suna ce min Hajiya an je Turai, ina tsaraba, sai in ce alhamdu lillahi in miƙa musu alawa. Suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba sa faɗin wanda ke shan romon.

Watan jiya ta aiko hoton mujallar da aka buga aikin a ciki. Na sa tabarau, na bi layin da yatsa. Na ga sunan babanta, Garba. A gabansa harafi ɗaya da ɗigo. Ta ce haka suke yi wa kowa, ba raini ba ne. Na ce ni ba harafi ɗaya aka sa na faɗa ba. Ta yi dariya ta ce, "To Inna, ki sake faɗa min cikakke, sau ɗaya kawai, ranar ban ji da kyau ba." Na ce ta kiyaye ni, 'yar nema. Bakina ya koma yadda yake, kuma ina jin haka zai zauna.

Amma wannan littafin da nake rubutu a ciki nawa ne, ni na saya, ba wanda zai zo ya durƙusa min in miƙa masa. Baƙin garin nan da ke raba ruwan teku, wanda gishiri ya kasa cinyewa, Rukayya ce ta haɗa shi. Rukayya Garba, ta Hausari. Na ja layi a ƙarƙashi.